Darasi na 7: Habbatus Sauda da Kumburin Cikin Jiki

Duk wanda ya ratsa rumfunan masu magani a Kasuwar Dole ta Damagaram ya ga habbatus sauda, baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana a ƙulle cikin leda, ga manta a ƙananan kwalabe, har da wadda aka ɗura a kafso. Mutanenmu suna girmama ta saboda hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, cewa a cikinta akwai waraka daga kowace cuta ban da mutuwa.

Kumburi iri biyu ne. Akwai wanda ido yake gani, kamar idan ƙaya ta soki ƙafa wurin ya yi ja ya ɗauki zafi, wanda alama ce ta jiki yana yaƙi da cuta. Akwai kuma na ɓoye, wanda yake cin jijiyoyin jini da gaɓoɓi a hankali shekara da shekaru, kuma yakan tafi tare da ciwon suga da ƙiba da ciwon zuciya. Likita yana gane shi ta gwajin jini da ake kira CRP.

Abokin tafiyar wannan kumburi na ɓoye shi ne abin da za mu kira tsatsar jiki. Ku fasa goro ku ajiye shi a sarari, za ku ga launinsa ya sauya saboda iska ta taɓa shi. Irin wannan yana faruwa a ƙwayoyin jikin mutum idan gurɓatattun sinadarai suka fi ƙarfin garkuwarsa, kuma hayaƙin taba da na murhun itace suna ƙara shi.

Sinadarin da ya fi aiki a man habbatus sauda shi ne timokwinon. A gwaje-gwajen da aka yi a kan manya, da yawansu a ƙasar Iran, an riƙa ba mutane giram 1 zuwa 3 na garinta ko na manta kullum, galibi tsawon wata biyu zuwa uku. Da aka haɗa sakamakon, an ga CRP da alamun tsatsar jiki sun ragu a jininsu, garkuwar kuma ta ƙaru. Sai dai raguwar matsakaiciya ce, kuma yawancin gwaje-gwajen mutane kaɗan aka yi wa. Saboda haka abin baƙin ciki ne a ga dattijo mai hawan jini ya ajiye maganin asibiti ya kama kwalbar mai, domin habbatus sauda taimako take yi, ba ta maye gurbin magani.

Ƙaramin cokalin shayi da aka shafe bakinsa yana ɗaukar kusan giram 2 na gari, ana iya sha da zuma ko a zuba a kunu. Mai ciwon suga ya lura cewa zumar kanta tana ɗaga suga. Habbatus sauda tana ɗan saukar da suga da hawan jini, don haka mai shan maganinsu, da mai shan maganin tsinka jini, su faɗa wa likita kafin su fara. Mace mai ciki kada ta sha man, ta tsaya ga ɗan abin da ake sa wa abinci.

Man yana lalacewa da zafi da haske, balle a zafin bazarar Damagaram. Ku sayi wanda yake cikin kwalba mai duhu, ku karanta ranar ƙarewar aikinsa a jikin takardar, ku ajiye shi a inuwa kusa da randa. Idan ƙwayar kuka saya, ku daka abin da zai ishe ku mako ɗaya kawai.