Kurakuran da aka fi yi da ƙarfen galbanaiz a zauren baƙi na ƙananan kamfanonin giya

Masu ƙananan kamfanonin haɗa giya suna son ƙawata zauren da suke tarbar baƙi da ƙarfen galbanaiz: kwano a jikin bango, kanta mai sheƙi, bututai a fili. Yana da sauƙin kuɗi, ga kyan gani, ga ƙarko. Sai dai yawancin ɓarnar da ake gani tushenta ɗaya ne, wato ana ɗaukarsa kamar sitenles, ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa. Galbanaiz ƙarfe ne na yau da kullum da aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Celsius. Rufin da yake fitowa da shi kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne a kan ƙarfe mai kauri, a kan kwano ma bai kai haka ba. Da zarar rufin nan ya cinye, tsatsa ta samu ƙofa.

Babban kuskure, wanda ya fi damuna domin ya shafi lafiyar mutane, shi ne barin abin sha ya taɓa galbanaiz. Tutiya tana zaman lafiya ne idan ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yana tsakanin 6 da 12. Giya kuwa tana wajen 4 zuwa 4.5, ruwan 'ya'yan itace ya fi ta tsami. Tsamin yana narkar da tutiyar, ta shiga cikin abin sha, ta ɓata ɗanɗano, idan ta yi yawa ta jawo tashin zuciya da amai. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta hana amfani da galbanaiz a duk wurin da abinci mai tsami zai taɓa. Je ka duba kantar da aka rufe samanta da shi. Inda ake ajiye kofuna za ka ga zobe-zobe sun dushe, ƙarƙashin famfo kuma, inda ɗigo yake kwana, wurin ya yi toka-toka, in ka shafa yatsa farin gari ya biyo ka. Daga nan sai jan tsatsa. Gyaran ba wuya: saman kanta, farantin tarar ɗigo, bututun abin sha da kwatami duk a yi su da sitenles mai lamba 304 ko 316, a bar galbanaiz a fuskar kanta da bango da dogaran matakala. Bokitin galbanaiz ya yi daidai da sanyaya kwalabe a rufe, amma ƙanƙarar da ke cikinsa kada ta shiga kofin kowa.

Sai batun wanki. Kamfanin giya ba ya rabuwa da kostik soda da sinadaran asid na wanke tankuna, kuma mai shara yakan ɗebi abin da ya samu kusa. Dukansu biyun suna cin tutiya. Sabulu mai sauƙi, ruwa, tsumma mai laushi, sannan a goge ya bushe, sun wadatar. Soson waya kuwa kankare rufin yake yi.

Akwai wani kuskuren da mutane ba su cika lura da shi ba. Ana son jan ƙarfe a irin waɗannan wurare saboda kamannin tsofaffin tukwanen dafa giya. To idan jan ƙarfe ya haɗu da galbanaiz ga danshi, tutiyar ce take cinyewa da sauri. Ko ruwan da ya gangaro daga bututun jan ƙarfe ya ɗiga a kai ya isa. A raba su da roba, kuma a naɗe bututan sanyi don kada su riƙa zufa a kan kwanon.

Walda a cikin zaure ma tana da haɗari. Tutiya tana tafasa a digiri 907, zafin walda ya wuce haka nesa, don haka farin hayaƙi ke tashi, wanda yake sa mai walda zazzaɓi da rawar sanyi bayan 'yan sa'o'i. Abin da ya fi shi ne a gama yanka da walda, sannan a kai ƙarfen a tsoma shi a tutiya. A tuna a huda duk bututun da bakinsa yake a toshe, in ba haka ba yana iya fashewa a cikin narkakkiyar tutiya. Idan dole sai an yi waldar a wurin, a gurje rufin daga bakin haɗin, a buɗe iska sosai, a sa abin rufe hanci na aikin, bayan an gama a shafa fenti mai yawan tutiya.

Fentin mai na yau da kullum ba ya kama galbanaiz. Yana haɗuwa da tutiya ya zama wani abu mai santsi kamar sabulu, sai ka ga yana saɓulewa. A wanke maiƙo, a fara shafa fentin farko da aka yi musamman don galbanaiz.

Wata ɓarnar tun kafin a kafa kayan take farawa. Idan aka jibge kwano a jiƙe, iska ba ta ratsawa, farar tsatsa ce take fitowa. A jingine shi a tsaye cikin inuwa, da tazara tsakanin kowane falle. In an zo kafawa kuma a lanƙwashe bakin kwanon ko a rufe shi da katako, musamman daidai tsayin gwiwa da inda mutane suke dafawa, domin bakin da aka yanka yana da kaifi sosai.