Gujarat Ba a Shan Giya, Amma Ka Kula da Jakarka

Duk wanda ya zo karatu Ahmedabad ko Rajkot ko Vadodara, tun makon farko zai ji cewa an haramta giya a Gujarat, jihar nan ta bakin teku a ƙasar Indiya. Mu 'yan Arewa sai mu yi murmushi, mu ce ashe gida muka zo. To ƙanena, dakata. Haramcin nan ba daga shari'ar Musulunci ya taso ba, kuma yana iya rutsawa da wanda bai taɓa kai kwalba bakinsa ba.

A da can mutanen kudancin Gujarat na shan abin da suke kira tadi, wato bamminsu na itacen dabinon daji, da wata barasa da ake dafawa daga furen bishiyar mahuwa. Turawan Ingila suka ga akwai kuɗi a ciki, suka kafa dokar Abkari a 1878, suka ɗora haraji, ciniki ya koma hannun masu lasisi. Talaka ya riƙa sha bashi, har gonarsa ta tafi. Shi ya sa lokacin da Mahatma Gandhi, haifaffen Porbandar da ke Gujarat, ya tashi da gwagwarmayar neman 'yanci, ya sa yaƙi da giya a cikinta. A 1930 mata ne suka riƙa tsayawa ƙofar shagunan giya suna roƙon masu saye su koma gida. A wurin Gandhi kowace kwalba riba ce ga ɗan mulkin mallaka, asara ga mai iyali.

Bayan 'yanci aka yi dokar haramci ta Bombay a 1949. Da aka raba jihar Bombay gida biyu, Maharashtra da Gujarat, ranar 1 ga Mayun 1960, Maharashtra ta sassauta a hankali, Gujarat kuwa ta riƙe gam, don girmama Gandhi.

Sai dai hanawa daban, dainawa daban. Daman da Diu, ƙananan yankuna biyu maƙwabtan Gujarat waɗanda suka zauna hannun Fotugal har 1961, ba sa ƙarƙashin gwamnatin Gujarat, can ana sayar da giya a fili, haka ma a maƙwabciyar jihar Rajasthan. Daga nan ake satar shigowa da ita. Wanda ba shi da kuɗin ta kwalba sai ya sha lattha, haɗin bayan fage da a wasu lokuta ake zuba wa sinadarin metanol mai makantarwa da kisa. A 2009 ta kashe mutum sama da 130 a Ahmedabad, abin da ya sa aka ƙara hukuncin kisa a doka ga wanda ya haɗa gurɓatacciyar giya har aka rasa rai. A 2022 aka sake binne fiye da 40 a yankin Botad. Gyaran dokar 2017 kuwa ya kai ɗaurin mai safara ko sayarwa har shekara 10.

Nan ne maganar ta zo kanmu. 'Yan makaranta kan shirya yawon hutu zuwa bakin ruwan Diu, wuri ne mai kyau, ka je ka sha iska. Amma a hanyar dawowa akwai shingen 'yan sanda, suna buɗe but da jakunkuna. In wani ya ce "ɗan riƙe mini ledar nan", ka buɗe ka gani, ko ka ba shi haƙuri. Kunyar nan tamu ta kada a ce ba mu yarda da mutum ba, ka ajiye ta a gefe. Ɗan sanda hannun da ya samu kwalba yake tambaya, kuma baƙo da ya shiga kotu, bizarsa ma ta shiga matsala.

Haka batun abokin ɗaki. Doka ta ba baƙi daga ƙasashen waje damar neman takardar izini, su saya a shagunan wasu otal masu lasisi, su sha a keɓe. Izinin na mai sunan ne shi kaɗai, bai halatta masa sayarwa ko tara jama'a ba. Kafin ku haɗa kuɗin haya, ka tambaye shi kai tsaye ko yana sha, kuma ko yana da takarda.

Za ka ji ana cewa an buɗe ƙofar shan giya a GIFT City, unguwar hada-hadar kuɗi kusa da Gandhinagar, tun Disambar 2023. Gaskiya ne, amma sassaucin bai wuce iyakar unguwar ba.