Darasi na 9: Ɗan Haya da Dabbobinsa

A Gusau ko Ƙaura Namoda, da wuya ka shiga gidan haya ba ka ga turke ko akurki a tsakar gida ba. Wata tana da akuya biyu, wani ya ɗaure ragon layya tun watan Shawwal, yara kuma suna da tattabaru. Ga mata da yawa wannan kiwon shi ne asusunsu. To, ɗan haya yana da ikon yin kiwo a gidan da ba nasa ba?

Amsar tana cikin yarjejeniyar da aka ƙulla ranar karɓar gida. Idan mai gida ya ce ban da dabba, kai kuma ka amince ka biya, sharaɗi ya hau kanka. Idan ya yarda ka ajiye tumaki, ba zai wayi gari ya janye ba alhali kuɗinka bai ƙare ba. Rigima ta fi yawa ne inda kowa ya yi shiru. Kada ka tsaya ga maganar dillali kawai, shi la'adarsa yake nema. Ka je wurin mai gidan da kanka ka ce: "Alhaji, ina da tunkiya uku da kaji. A ina zan kafa turke?" Abin da ya faɗa a rubuta shi a bayan rasit, da irin dabbar da adadinta, shaidu biyu su sa hannu.

Shi ma mai gida yana da hujja. Fitsarin tumaki yana cin gindin katanga, musamman ta ƙasa, har ta riƙa zubowa. Akuya kan cinye geron da maƙwabciya ta shanya, wani lokaci har da zanenta. Ɓarnar da dabbarka ta yi wa ginin, kai za ka gyara. Saboda haka ka kafa turke nesa da bango da rijiya, ka share kullum, ka tara kashin a buhu. Masu lambu suna sayensa.

Kare shi ne ya fi kawo magana. A gidan da ake alwala da wanki a tsakar gida ɗaya, yawancin mutane ba za su yarda da shi ba, kuma gaskiyarsu ce. Wanda yake gida shi kaɗai, aka kuma amince masa ya ajiye na gadi, ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare duk shekara, ya adana takardar.

Ko da saɓani ya taso, mai gida ba shi da ikon kwance maka dabba ya sayar, ko ya watso kayanka waje. Sai ya ba ka notis. A yawancin jihohin Najeriya, in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata yana da wata 1, mai biyan shekara yana da wata 6. Ku fara zuwa wurin mai unguwa. In abin ya faskara, kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya.

Aiki: Rubuta jimla biyu da za ka so a sa a bayan rasit ɗinka game da dabbobin da kake kiwo. Karanta wa na kusa da kai, ya tsaya a matsayin mai gida ya ba ka amsa.