Yadda ake hawa rola-kosta karon farko

Rola-kosta shi ne jirgin wasan nan mai ƙananan taragai da ke bin layin dogo na ƙarfe ko na katako a manyan wuraren shaƙatawa. Ya hau can ƙololuwa, ya gangaro a guje, ya sha kwana, wani ma har ya juya da mutane kai ƙasa ƙafa sama. Tafiyar duka ba ta cika wuce minti biyu zuwa uku ba. Mafi yawan wahalar da sabon shiga ke sha tana zuwa ne daga kura-kuran da ake iya kauce musu tun kafin jirgi ya motsa: zaɓen jirgin da ya fi ƙarfinsa, zama a kujerar da ba ta dace da shi ba, barin maɗauri sakwa-sakwa, da runtse ido.

Ka san abin da ke riƙe da kai

Yawancin waɗannan jirage ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan jirgin zuwa tudun farko, daga nan ta sake shi, nauyinsa ya ƙarasa sauran aikin. Shi ya sa tudun farko ya fi kowanne tsayi a irin wannan jirgi, kuma tsayinsa ne ke faɗa maka gudun da za ka tarar. Gangarar mita 30 tana ba da gudun kusan kilomita 85 a awa, ta mita 60 kuma kusan 120. Ka lura ninka tsayi bai ninka gudu ba.

Ƙarar nan ta "ƙas-ƙas-ƙas" da ake ji lokacin hawa tana tayar wa mutane da yawa hankali, alhali ita ce ya kamata ta kwantar da shi. Wasu haƙoran ƙarfe ne a ƙarƙashin tarago suke bin wani layi mai gaɓa-gaɓa. Ko da sarƙar ta tsinke ko wuta ta ɗauke, haƙoran nan za su cije, jirgin ba zai koma baya ba.

Tayoyin kuma kashi uku ne a jiragen ƙarfe na zamani: waɗanda ke bin saman dogo, waɗanda ke bin gefensa, da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Na ƙarƙashin su ne ke hana tarago tashi daga dogo in ya haura tudu a guje ko ya juya. Wani Ba'amurke mai suna John Miller ne ya yi rajistar wannan dabara a 1919, kuma daga nan aka samu damar gina gangara masu tsanani. Wato jirgin rungume yake da dogonsa ta sama da gefe da ƙasa.

Zaɓen jirgi

Kada ka fara da wanda ya fi suna a wurin. Nemi matsakaici, irin wanda ake bari yara manya su hau tare da iyayensu, mai dogon ƙarfe, marar juyi. Na ƙarfe ya fi santsi. Na katako, irin Cyclone na Coney Island a birnin New York da aka buɗe tun 1927, yana jijjiga mutum yana kaɗa shi hagu da dama, kuma wannan jijjigar ce ke fi sa sabon shiga ya ce ba zai ƙara ba.

Akwai kuma waɗanda ba sarƙa ke jan su ba, harba su ake yi daga tsaye da ƙarfin maganaɗisu ko na injin matsin mai. Formula Rossa da ke Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010, yana kai kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa biyar, har sai an ba masu hawa tabarau na kare ido. Irin wannan sai an ƙware.

Kafin ka shiga layi, tsaya a gefe ka kalli jirgin ya zagaya sau biyu ko uku. Ƙirga tuddan, ka ga inda yake shan kwana, ka ƙidaya daƙiƙar da gangarar farko ke ɗauka. Za ka ga ba ta wuce uku ko huɗu ba. Jiki ya fi jure abin da ido ya riga ya gani.

Allon bakin ƙofa

A karanta shi duka. Ma'aunin tsayi da ke wurin ba na shekaru ba ne, na jiki ne: an ƙera maɗaurin ne don ya kama cinya da kafaɗar mai wani tsayi. Manyan jirage sukan nemi tsayi tsakanin santimita 120 da 140. Yaron da ya gaza, ko da yatsa ɗaya ne, kada a sa masa takalmi mai tudu don ya wuce, kada kuma a roƙi ma'aikaci ya ɗaga ƙafa. Maɗaurin da bai kama jiki ba, ba zai riƙe shi ba a inda jirgi ke cilla mutum sama.

Mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, su haƙura. Wanda ke da wata larura daban ya tambayi likitansa tun daga gida. Mai jiki kuma ya duba ko an ajiye kujerar gwaji a bakin layi, wurare da yawa suna da ita. Gara ya gwada a nan da ya yi awa guda a layi sannan a ce maɗauri bai kulle ba.

Ciki da sutura

Ka ci abinci marar nauyi awa ɗaya zuwa biyu kafin hawa, ka sha ruwa. Cikin da ya cika da maiƙo yana jawo amai, amma wanda ba komai a cikinsa ma yana jawo jiri, musamman bayan doguwar tsayuwa a rana. In kana cikin masu tashin zuciya a mota, akwai maganin da ake sha rabin awa zuwa awa ɗaya kafin tafiya. Tambayi mai magani, ka kuma tuna yawancinsu suna sa barci.

Duk abin da zai iya fita daga jikinka, zai fita. Waya, makulli, hula, tabarau, gyale, silifas. A zuba su a akwatin ajiya ko a aljihu mai zif. Mai ɗaure kai ta ɗaure shi tamau ta cusa bakin a cikin riga, ta guji allura ko fil kusa da kunne. A cire manyan 'yan kunne, a ɗaure dogon gashi, a tofar da cingam. Maganar waya ta fi kowacce muhimmanci: in ta suɓuce a gudun kilomita 100, fuskar na bayanka za ta samu, kuma raunin da take yi ba ƙarami ba ne.

Kujera

Tsakiyar jirgi. Ga dalili. Idan taragon gaba ya kai ƙololuwa, sauran suna baya suna riƙe shi, don haka na gaba yakan rataya yana kallon ramin na ɗan lokaci kafin gudu ya fara, ga iska a fuska. Na baya kuwa, kafin ya iso ƙololuwa jirgin ya riga ya ɗauki gudu, sai a fizge shi ya haura da ƙarfi, ya ji ya tashi daga kujera. Na tsakiya ya tsira daga duka biyun. In tashin zuciya ne damuwarka fiye da tsoron tsayi, to gaba ya fi maka, domin kana ganin kowace kwana kafin ta iso. A yawancin tashoshi in ka ce wa ma'aikaci yau ne farkonka, zai nuna maka layin da za ka tsaya.

Maɗauri

Nan ne ya kamata ka fi natsuwa. Zauna ka tura ɗuwawunka har ƙarshen kujera, bayanka ya manne, ƙafafunka biyu a ƙasa. Kada ka harɗe su. In akwai bel, shi za ka fara ɗaurawa, ka ja shi ya matse.

Maɗauri iri biyu ne. Akwai sandar cinya, wadda ake jawowa ta danne cinyoyi kusa da ƙugu. Akwai kuma mai saukowa ta saman kai ya rufe kafaɗu da ƙirji. Ko wanne ne, jawo shi har ya taɓa jikinka sosai, ba har ya hana ka numfashi ba. Sandar cinya a kan cinya take zama, ba a kan ciki ba. Sabon shiga yakan bar sarari yana ganin haka zai fi sakewa. Akasin haka ne ke faruwa: duk lokacin da jirgi ya haura tudu, jikinsa zai tashi ya bugi sandar, ya dawo ya bugi kujera, ya sauka da tsamin cinya da tsoron da bai kamata ya ji ba.

Bayan ya kulle, tura shi sama da ƙarfi ka gwada. Ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne a masu haƙora, domin yana komawa ne kan haƙorin ƙarshe da ya kama. Ma'aikaci zai zo ya ja kowane maɗauri da hannunsa. In ya wuce ka bai taɓa naka ba, ko kana jin bai kulle ba, ɗaga hannu ka yi magana da ƙarfi kafin jirgi ya tashi. Ba abin kunya ba ne, aikinsu ke nan. Haka ma in zuciyarka ta ƙi a wannan lokaci, ka ce a buɗe maka. Da zarar jirgi ya bar tasha, ba za ka iya buɗe maɗaurin ba sai ya dawo.

A kan dogo

Hawan farko shi ne mafi tsawo ga mai tsoro. Kada ka leƙa ƙasa ta gefe. Kalli bayan kujerar gabanka ko can nesa inda sama ta haɗu da ƙasa. Shaƙi iska ta hanci ka ƙirga huɗu, ka fitar ta baki a hankali.

Da an kai ƙololuwa, kama mariƙi da hannu biyu, jingina ƙeyarka da matashin kujera, ka danna ƙafafu a ƙasa. A gangara za ka ji kamar kayan cikinka sun taso. Dalili shi ne kai da kujerar kuna faɗuwa tare, kujerar ta daina tura ka sama, sai jiki ya ji ba shi da nauyi. Ɗaure tsokar ciki yana rage wannan jin. Kada ka riƙe numfashi. Yi ihu in ihu ya zo, yana fitar da iska kuma yana ɗaure cikin a lokaci guda.

A gindin gangara abin ya juya: jiki zai yi nauyi ninki uku ko huɗu na daƙiƙa kaɗan. Jini yakan sauka ƙasa, wasu su ga ganinsu ya dushe daga gefe. Matse cinyoyi da ciki, ka ci gaba da numfashi, zai washe da an fita daga kwanar. Rashin ruwa a jiki da yunwa suna ƙara shi. Kada ka sunkuyar da kai a nan, domin ɗago shi a cikin wannan nauyi ne ke jawo ciwon wuya.

Ido a buɗe, yana bin dogon da ke gaba. Tashin zuciya yana zuwa ne idan abin da cikin kunne ke ji na motsi ya saɓa da abin da ido ke gani, kuma runtse ido yana hana jiki shirya wa kwana. Mai maɗaurin kafaɗa da ya saki wuyansa, kansa zai riƙa bugun maɗaurin hagu da dama har kunnuwa su yi zafi. Maganinsa ƙeya a manne, wuya a ɗan ƙage.

Juyi kai ƙasa ya fi ban tsoro daga waje. Ba a yin sa zagaye kamar zobe, ana yin sa da siffar ɗigon ruwa a kife, kwanarsa buɗaɗɗiya a ƙasa, matsattsiya a sama, don nauyin shiga ya zo a hankali kuma a can sama gudu ya ci gaba da manne ka da kujera. Kafin ka gama tantance ina ne sama, an wuce.

In ya tsaya a hanya

An raba dogon gida-gida, kuma na'ura ba ta barin jirage biyu su shiga gida ɗaya. In na gaba bai bar wurinsa ba, ko wata na'urar lura ta ga abin da bai yi mata ba, sai a tsayar da na baya a kan tudun hawa ko a wurin birki. Birkin matsi kuma an ƙera shi ne ya kama da kansa in wuta ko iskar da ke riƙe shi a buɗe ta ɗauke. Zauna yadda kake, kada ka taɓa maɗauri, ka saurari lasifika. Yawanci ana tayar da shi bayan ɗan lokaci. In ba haka ba, ma'aikata za su zo su buɗe muku ɗaya bayan ɗaya, ku sauko ta matakalar gefe.

Sauka

Birkin ƙarshe yakan zo da ɗan fizga, don haka ci gaba da riƙe mariƙi har jirgi ya tsaya cak. Jira maɗauri ya saki, ka tashi a hankali, ka dafa ƙarfen gefe, ƙafafu sukan yi rawa. In jiri ya kama ka, zauna a inuwa ka kurɓi ruwa, ka tsayar da ido kan abu ɗaya marar motsi, ka bar minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin ka hau wani. Ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, mutuwar hannu ko ganin da bai washe ba, a tafi ɗakin taimakon gaggawa na wurin nan take.

In wani abu naka ya faɗi a hanya, faɗa wa ma'aikaci wurin da kake zaton ya faɗa, za su ɗauko bayan an tsayar da jirgi. Kada ka tsallaka shingen da ke ƙarƙashin dogo ko da kana ganin abin da idonka. An rasa rayuka a wannan tsallaken, saboda hula da waya.