Yadda za ka raba waya da littafi kafin JAMB ta ƙaraso

Ƙanina, JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato sakan 40 kacal ga kowace tambaya, kuma ƙwaƙwalwar da ta saba da bidiyon TikTok, ka kalli wannan ka ja sama ka kalli wancan, wallahi da kyar take jure karanta dogon rubutun Turanci har ƙarshe. Ni ban ce ka jefar da wayarka ba, lokacin karatu kawai nake so ta yi nesa da kai.

Fara da ganin gaskiya da idonka. In Tecno ce ko Infinix ko Samsung, shiga Settings ka nemo Digital Wellbeing, masu iPhone kuma Screen Time, zai nuna maka awa nawa ka ƙona jiya a kowace manhaja. A nan ɗin ma za ka iya sa wa TikTok da Facebook iyaka, misali minti 30 a rana, in ya cika su rufe kansu.

Amma fa wannan kaɗai ba ya isa, don wanda ya sa iyakar shi zai cire ta. Abin da ya fi aiki shi ne ka fitar da wayar daga ɗakin gaba ɗaya, ka ba Umma ta jefa a durowa ta kulle har ka gama. A 2017 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Amurka sun gwada ɗalibai, waɗanda aka ajiye wayoyinsu a wani ɗaki sun fi waɗanda tasu ke kan tebur ƙoƙari, duk da ba taɓa ta suke yi ba. Kifa ta a gefen littafi bai wadatar ba kenan, rabin hankalinka na can yana jiran ta yi haske.

Matsalar ita ce guruf ɗin aji na WhatsApp, don can ake turo jadawali da tsofaffin tambayoyi, kuma can ne ake hirar ƙwallo har saƙo ya taru ɗari-ɗari. Kashe ƙararsa, ka riƙa leƙawa sau biyu, bayan Azahar da bayan Isha'i. Abin da malam ya turo ka kwafe a littafi ko ka kai a buga maka a takarda, in kana karatu a cikin wayar saƙo ɗaya ya isa ya ɗauke ka. Masu tallar amsar jarrabawa a Telegram kuwa toshe su, kuɗinka suke so.

Sai datar dare, ita ta fi ba ni haushi. Arha gare ta, amma ka raba dare kana kallo, Asuba ta wuce ka, ka je aji kana gyangyaɗi, alhali cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta da rana. In dole sai ka sauke darasi daga YouTube, danna saukewa ka bar wayar a falo ka je ka kwanta, da safe ka tarar ya gama.