Kurakuran da ke kashe sarƙar babur tun kafin lokacinta

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure sarƙa tamau. Da mai babur ya ji tana bugun murfi, sai ya ce wa makanike ya ja ta sosai, wai don kada ya dawo da wuri. Alhali idan aka hau babur, musamman da goyo ko buhun masara, shokozoba tana nutsewa, sarƙar ta ƙara ɗaurewa. In ba a bar mata sarari ba, wahalar kan haƙoran sufuroket (faifan ƙarfen da sarƙar ke hawa) da boris take komawa, wata rana ma ta tsinke ana cikin gudu. A yawancin ƙananan babura, irin su Boxer da Jincheng, ana so ta riƙa motsi sama da ƙasa kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Ka kafe babur a tsaye, ka juya tayar baya a hankali kana taɓa sarƙar da yatsa. Ba ta cinyewa daidai, wani wuri ya fi wani tsauri, to a wurin da ya fi tsauri za ka auna. Wajen ja kuma, a daidaita notin dama da na hagu bisa zanen da ke jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, in ba haka ba tayar za ta karkace, sarƙar ta riƙa cin gefe guda.

Sai maganar mai. Da yawa baƙin man da aka juye daga inji suke kwarara mata, ko su lafta giris a kan datti. Da ƙurar hunturu ta hau, sai ya zama kamar yashi yana goge ƙarfe. A fara wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, sannan a ɗiga man giya mai tsabta ta ciki, a goge rarar da tsumma. Fetur ba na wanki ba ne, yana lalata robobin da ke cikin wasu sarƙoƙin. Duk bayan kilomita 500 ya isa, amma da damina a ƙara kusantawa.

Kada ka kuskura ka goge ta inji na aiki, giya a ciki. Tsumma take fara kamawa, yatsu su biyo baya.

Akwai kuma masu yanke gaɓa ɗaya idan sarƙa ta saki har wurin ja ya ƙare. Wannan arahar banza ce, domin sarƙar ta riga ta mutu. Ka jawo ta daga bayan sufuroket. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe, a canza ta tare da sufuroket na gaba da na baya. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Idan an gama ɗaurawa, ka duba kilif ɗin mahaɗa (ɗan ƙarfen da ke kulle inda bakin sarƙar biyu suka haɗu) da idonka: rufaffen kansa ne zai fuskanci inda sarƙar take tafiya, in an juya shi yana iya fita a hanya.