Yadda za ka nemi izinin haɗa na'urar wutarka da layin kamfani

Masu sola da janareta sun sha tambayata yadda ake wannan. Ga matakan:

1. Karɓi fom ɗin neman haɗawa daga kamfanin da ke ba ka wuta.
2. Rubuta bayanan na'urar: irinta, ƙarfinta a kilowat, da samfurin inbata (na'urar da ke mayar da wutar sola ko batir zuwa irin wutar gida).
3. Sa ma'aikacin lantarki mai lasisi ya zana taswirar wayoyin.
4. Miƙa fom ɗin tare da taswirar.
5. Jira kamfani ya duba ko taransifoma za ta ɗauki nauyin.

Hattara: a nan mutane ke gaggawa. Kada ka jona komai kafin izini ya fito a rubuce. Idan aka ɗauke wuta, na'urarka na iya tura wuta cikin layi, ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Wannan maganar rai ce.

6. Sanya makunnin da ke raba na'urar da layi, inda ma'aikatan kamfani za su iya kaiwa.
7. Kira su su gwada aikin.
8. Sa hannu a yarjejeniyar haɗawa tsakaninka da kamfani, amma sai ka karanta ta tsaf.
9. Bari su sa mita mai lissafin shiga da fita.
10. Kunna bayan sun ba ka izinin farawa.